Ranar da Saja Imoru Ya Ga Kansa a Majigin Japan

Wanda ya zauna a unguwar Sakasaka ta Tamale a shekarun da Bature ya naɗe tabarmarsa ya bar mana ƙasa, ya ce bai san Saja Imoru ba, to a duba masa kunne. Ni shagon gyaran kekena yana daura da darbejiyar da yake shimfiɗa buzu a gindinta, saboda haka na sha yaƙin Burma fiye da waɗanda suka je. Ran Litinin Japanawa bakwai ya kama da hannu. Kafin Juma'a, in an samu wanda ya sayo goro, sun kai saba'in, har da babbansu mai doki. Sajan ma ba mu san wanda ya ba shi ba, mun dai tashi mun ji yana amsawa.

Tuta ce ta tayar da maganar. Kowace shekara ran shida ga Maris tsofaffin sojojin unguwa sukan yi maci zuwa filin bikin 'yancin kai, mutum ɗaya a gaba riƙe da tuta. Mai riƙe ta ya rasu da damina, sai dattawa suka ce cikin mutum biyu za a zaɓa: ko Imoru, ko Kofur Zubeiru mai gadin siton kaɗanya, wani siririn tsoho mai ɗingishi da ba ka jin muryarsa sai wajen amin. Imoru yana son tutar nan so ba na wasa ba. Tun ba a yanke magana ba ya sa matarsa Rakiyatu ta zuba wa kakinsa sitaci har yana iya tsayawa shi kaɗai, kullum da la'asar kuma yana gwada maci a tsakar gida da gorar shanya a kafaɗa.

Saura kwana tara biki sai ga Masahudu direban lori ya dawo daga Tema da gwangwanaye biyar masu faɗi kamar faifai. Wani ma'aikacin jirgin kamun kifi na Japan ne ya ba shi, shi kuma ya ba shi rigar saƙi ta batakari da zabi biyu. Masahudu dama yana da tsohon injin majigi da ya saya wurin wani Kwara, Balarabe ɗan kasuwa, a Kumasi, bai taɓa samun abin haskawa ba. Ya kawo gwangwanayen gindin darbejiya.

"Baba Saja, kai ne ka san mutanen nan. Me aka rubuta a jiki?"

Imoru ya karɓi ɗaya, ya juya shi, ya kai kusa da hanci, ya janye nesa. Sai ya dafe ƙirji.

"Allahu akbar! Yaro, ka san abin da ka ɗauko? Yaƙinmu ne. Su suka ɗauka da kansu, daga saman itatuwa."

"To kana ciki ke nan?"

Da ya yi shiru a nan da ya tsira. Amma an taru, Mma Lariba mai koko ta bar tukunyarta ta matso, Alhaji Abubakari shugaban dattawa ma ya tsayar da kekensa.

"Ina ciki mana! Wa za su ɗauka in ba wanda ya hana su barci ba? Alhaji, kada ku yanke maganar tuta sai kun ga wannan. Gani ya kori ji."

Mma Lariba ta ce, "Imoru, kai dai bakinka ya fi ka gudu."

"Ke koma ki dama koko, maganar maza ake."

Kwana uku yana zagaya gari, har Choggu ya je da keke yana shela. Ya ɗauko Andani makaɗin lunga, kalangun ƙasar nan, ya cika masa hannu da goro da taba, ya ce, "Duk inda ka ga na fito a majigin nan, ka kaɗa min take, ka faɗi abin da na yi da Hausa kowa ya ji. Kada ka tsallake ko ɗaya." Andani ya durƙusa ya ce, "Naa," wato ya amsa ke nan da yarensu.

Aka shirya kallo ran Asabar bayan azahar a siton kaɗanya, Kofur Zubeiru ne ma ya buɗe ƙofa. Aka toshe tagogi da buhuna, aka rataya farin zanin gadon Rakiyatu a bango. Rufin kwano, watan zafi, mutum ya fi ɗari biyu. Kafin a kunna komai mun fara narkewa tare da kaɗanyar.

Masahudu ya ce, "Baba Saja, wanne za a fara sakawa? Ba lamba irin tamu a jiki."

Imoru ya ɗaga gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya yana gwada nauyinsu a tafin hannu.

"Japanawa mutane ne masu ladabi, babba ke gaba. Mai nauyi shi ne na fari, ƙaramin nan shi ne auta."

Injin wuta ya tashi a waje, haske ya faɗa kan zani, ganguna da sarewa suka kece. Muka ga duwatsu shuɗaye, da hazo yana tafiya a tsakaninsu, da furanni suna zuba cikin kogi. Wallahi sito ya yi tsit. Ban taɓa ganin launi irin wannan ba, ko a atamfar Makka. Sai wani yaro ya dirgo daga saman dutse da takobi, gashinsa tsaye kamar kan abarba, idanunsa sun ci rabin fuska. A kafaɗarsa akwai wata 'yar yanyawa, ta buɗe baki ta yi magana.

Wani tela daga baya ya ce, "Kai, wannan ai zane ne! Da hannu aka yi shi!"

Na dubi Imoru. Ya miƙe tsaye da sandarsa gefen zani.

"Wa ya ce zane ne? Ka taɓa zuwa Japan? Haka suke. Yawan cin kifi ke sa fatarsu sumul."

"To idanun fa?"

"Da dare suke yaƙi. Mujiya ma ka ga idonta ƙarami ne?"

"Dabbar da ke magana fa, Saja?"

"Kofur ce. Suna ɗaukarsu aiki."

Ba a gama wannan ba aka fara faɗa, kuma daga nan ba a daina ba. Mutum arba'in baƙaƙen kaya suka faɗo wa yaron daga kan itatuwa. Takubba suna walƙiya, ana tsalle daga rufi zuwa rufi, wani ya jefa ƙwallon hayaƙi ya ɓace. Sito ya kaure da ihu. Tsofaffi suna cewa layar zana ce, wani ya ce a'a baduhu ne. Da kibau suka riƙa kauce wa yaron, Alhaji Abubakari da kansa ya ce, "Wannan kau-da-bara ɗinsa na gaske ne." Wani maƙeri ya miƙe yana rantsuwa wanda ya ƙera takobin nan ya san wuta.

Mma Lariba dai ba ta gamsu ba.

"Imoru, me aka yi suke faɗa?"

"Maganar iyaka ce."

"To shi ne ba sallama? Mutum ya shigo gidan mutane ta rufi, ba ina kwana, ba ina gajiya, sai sara? Uwarsa tana ina?"

Wani mahauci ya ce shi abin da ya dame shi, yaron sai ya tsaya ya kwarara ihu ya faɗi sunan saran da zai yi kafin ya yi. "Ni in na gaya wa sa zan kayar da shi, zai tsaya jirana? Su kuma wawayen, su arba'in, suna zuwa ɗaya-ɗaya kamar masu karɓar allura."

Alhaji Abubakari ya yi gyaran murya. "Saja, mun ga Japanawa. Kai kana ina?"

Imoru ya share gumi. Allah ya kawo wani ƙato a kan zani, ya tare ƙofar ganuwa, baƙi wuluk cikin sulke, da gemu, da tumbi, da kulki mai ƙayoyi. Da ya buga ƙafa sai ƙasa ta tsage. Imoru ya ɗora sanda a kan tumbin.

"Ga ni nan."

Andani ya matse lunga a hammata ya saki take. "Imoru giwar Burma! Ganuwa mai tafiya! Ka taka ƙasa ta tsage!" Mata suka rangaɗa guɗa, wasu suka taso suna liƙa masa kwabo a goshi. Rakiyatu ta rufe fuska da mayafi don daɗi. Imoru ya saci kallon dattawa ya ga suna gyaɗa kai. A ransa tuta ta riga ta shiga hannu. Nan gwangwanin farko ya ƙare.

Na biyu ya buɗe da ƙaton nan dai, yanzu yana fuskantar yaron mai kan abarba. Imoru ya ce, "Ku zuba ido, nan ne na koya masa hankali." Ƙato ya ɗaga kulki, yaron ya kwarara ihunsa, aka ga walƙiya ɗaya. Sulke ya zube, wando ya bi baya. Ƙato ya dubi ƙasa, ya dubi yaro, hawaye suka feso daga idanunsa kamar famfo biyu, ya juya ya zura da gudu har ƙafafunsa suka zama kamar tayar keke.

Andani bai tsallake ba. "Imoru barewar Burma! Ƙafa me na ci ban ba ki ba! Ya bar wando ya tsira da rai!"

"Andani, dakata!"

"Saja, kai ka ce kada in bar ko ɗaya. Na ci goronka."

"Dabarar yaƙi ce! Janyo shi nake zuwa inda na ɗana tarko!"

Yana rufe baki ƙato ya faɗa rijiya. Dutse ya biyo shi ya rufe bakinta, wani farin abu mai kama da shi ya fito ya yi sama yana kaɗa fukafukai.

Mma Lariba ta ce, "Inna lillahi. Rakiya, ashe da fatalwa kike zaune shekara goma sha takwas."

Masahudu ya sa na uku yana dariya. Sai ga ƙato garau da sulkensa da wandonsa, yana tafe cikin wani ƙauye. Imoru ya farfaɗo.

"Kun gani? Na ce muku na sha magani! Rijiya me ce a wurina?"

Tela ya ce, "Saja, ai wannan kamar farkon labari ne. Ga yaron can ma bai samu takobin ba tukuna."

"An karɓe masa ne. Ni na karɓe."

Ƙaton ya laɓaɓa bayan bukkar wata tsohuwa, ya cusa kaji uku cikin riga, ya kwashe dunƙulen shinkafarta ya tura a baki. Tsohuwa ta fito da tsintsiya.

Andani ya kaɗa. "Imoru muzurun Burma! Kaji uku a riga ɗaya! Tsohuwa ta bi shi, bai waiwaya ba!"

Mutane suna faɗuwa daga kan buhuna. Alhaji Abubakari ya cusa gefen rawani a baki. Mma Lariba tana share hawaye ta ce, "Ni dai na gode Allah, tun da aka fara sai yanzu na ga wani ya ci abinci a majigin nan. Yaron can kwana nawa yana sara ko ruwa bai kurɓa ba. Wata yarinya kuma da ake ta sacewa a ciki, ba ta da aiki sai kuka? Da 'yar Tamale ce da ta fasa wa wani kai da taɓarya."

Gwangwani na huɗu ya fi duka. Wani maciji mai ƙaho ya taso daga teku yana aman wuta, ana tsawa, ruwa yana zuba kamar da bakin ƙwarya, yaron yana gudu a kan bayan macijin. Ba wanda ya ƙara tuna Imoru, har ni, bakina a buɗe yake. Yaron ya yi tsalle sama, ya ɗaga takobi, ya buɗe baki zai yi ihu, sai hoton ya tsaya cak. Wani tabo ya fito a tsakiya ya faɗaɗa, ƙaurin ƙuna ya tashi, zani ya koma fari fat. Zafi ya narkar da zaren majigi.

Sito ya rikice. "A ƙarasa mana! Ya sare shi ko bai sare shi ba?"

Masahudu ya ce gyara sai gobe. Wani ya ce to ai ga wanda aka yi abin a gabansa. Nan Imoru ya ga ƙofar da zai dawo da martabarsa, ya kuwa afka.

"Yaron bai iya ba. Ni na ƙarasa macijin. Ku matsa in nuna muku."

Rakiyatu ta ce, "Malam, don girman Allah ka zauna."

Ina! Ya hau tarin buhunan kaɗanya, hawa bakwai, kaki yana ƙara kamar busasshen ganye. Ya tsaya a sama cikin hasken inji, inuwarsa ta cika zani, ya ɗaga sanda da hannu biyu. Andani ya ƙara wa lunga wuta. Imoru ya kwarara wani ihu da ya ce Japananci ne, ya yi tsalle.

Buhun da ya taka ya riga ya jiƙe da mai. Ƙafa ta zame, ya tafi a kaikaice, ya rungumi zanin gado ya yage shi tun daga sama, buhuna uku suka biyo shi suka fashe. Kaɗanya ta malala ko'ina. Duk wanda ya taso taimako sai ya taka ta ya zauna. Aka buɗe ƙofa haske ya shigo, sai ga Sajanmu kwance naɗe cikin farin zani, wandon sitaci ya dare gida biyu, yana riƙe da idon sawu yana kiran sunan uwarsa.

Andani ya ɗaga makaɗi zai buga, Kofur Zubeiru ya riƙe masa hannu. Wannan ne ya sa kowa ya juyo, don ba mu saba ganin Kofur ya shiga magana ba.

Alhaji Abubakari ya ce, "Kofur, kai ma ka je. Me ka gani a majigin nan?"

Kofur ya dubi yagaggen zanin ya ce, "Ruwan saman nan gaskiya ne, Alhaji. Wanda ya zana shi ya taɓa tsayawa a cikinsa. Haka yake zuba a can, har na ji sanyinsa a ƙafar nan. Hannunsu yana da kyau, ba a ƙwace musu. Sauran kuwa wasan yara ne. Faɗa ya yi yawa, dalili ya yi kaɗan. Ba mai jin yunwa, ba mai zawo, ba wanda ƙafarsa ta ruɓe cikin takalmi. Mu a can yunwa ta fi harsashi kashe mu."

"Saja fa? Ka gan shi a can?"

Imoru ya rufe ido. Na ji tausayinsa ya kama ni, ban ɓoye ba.

"Na gan shi kullum. Kuku ne na kamfaninmu. Bai taɓa harba bindiga ba, Bajapane ɗaya ya gani, shi ma a ɗaure. Amma da aka yanke mana hanya kwana goma sha ɗaya, mutumin nan da tukunya a ka yake bin mu cikin taɓo. Ya tono rogon daji, ya tsinko ganyen da ba mu san sunansa ba, ya fara ci da kansa, in bai mutu ba ya ba mu. Mu talatin da biyu muka fito da rai. Shekara goma sha takwas ina zaune ina jin ƙaryarsa, ina jira ya faɗi wannan, bai taɓa faɗa ba."

Ba wanda ya yi dariya. Imoru ya ce a hankali daga cikin zani, "Wa zai ba kuku tuta, Kofur?"

Alhaji Abubakari ya ce, "Da ka tambaya a matsayin kuku, da mun duba. Yanzu kam ka ga ƙafarka."

Kofur Zubeiru aka ba tuta. Ran shida ga Maris ya wuce ta gaban shagona da ɗingishinsa, tuta a miƙe, tsofaffi goma sha huɗu a bayansa. Imoru yana zaune a ƙofar gida da ɗaurin karan dawa a ƙafa. Da suka iso daidai shi ya dafa bango ya miƙe da ƙafa ɗaya ya sara musu, hawaye suna bin gemunsa. Ya yi kukan tutar nan sosai, kowa ya gani, ba kuma wanda ya tsokane shi.

Da suka dawo daga fili, a tsakar gidansa suka sauka, don Kofur ya ce ba zai ci abincin biki ba sai na hannun Imoru. Imoru ya zauna kan turmi ya tuƙa tuwo da kansa, ya kaɗa miyar ayoyo, Rakiyatu tana miƙo masa kaya tana mamaki. Mma Lariba ta ɗanɗana, ta ƙara ɗanɗanawa, ta ce, "Imoru, Allah ya isa. Kana da wannan hannun kake ɓata mana kunne da Japanawa?"

Imoru ya gyara zama, ya dubi jama'a sun taru, ya lashe ludayi.

"Wannan ai ba girki ba ne. Da kin ga tukunyata ta Burma. Da tsani ake shiga, in za a sa gishiri kuwa sai an tura mutum biyu a kwalekwale."

Kofur Zubeiru ya miƙa kwanonsa ya ce, "Ƙara min miya, Saja. Mutum uku ne, ina cikinsu."